Shekara Goma Sha Biyar Bayan Baba Garba, Garinmu Har Yanzu Cikin Duhu

Shekara goma sha biyar ke nan da muka binne mahaifina, Malam Garba, a nan Jidda. Mutane sun ce lokaci yana sanyaya zuciya. Tawa dai ba ta sanyaya ba.

Yana saurayi aka tare kogin garinmu a cikin duwatsun Filato, domin ruwan ya juya injin ya ba da lantarki. Baba na cikin masu ɗaukar dutse a ka suna hawa gangare. Gonar kakanmu tana ƙarƙashin ruwan nan yau. Yatsunsa biyu na hannun dama ƙofar ƙarfen madatsar ce ta datse su. Da aka gama, wuta ta tafi wajen haƙar kuza da gidajen Turawa. Wayar ta bi ta saman rufinmu ta wuce.

Da ya zo aikin Hajji tare da mu, bai koma ba. Muka zauna a unguwar Nuzla, yana dako a wani sito a yankin masana'antu na Jidda, babu iƙama, wato takardar izinin zama, kullum yana kauce wa jami'an bincike. Ya rantse ba zai taka garinmu ba sai an kawo wuta. Mun ɗauka fushin kwana biyu ne.

Na tuna wani ɗan siyasa daga gida da ya zo Umra, aka taru gaishe shi a unguwar Ammariyya. Ya dafa kafaɗar Baba ya ce, "Baba, ka shirya kayanka, bana wuta za ta iso."

Baba ya ɗaga masa hannun nan mai yatsu uku. "Ɗana, ni na ɗauki dutsen. Ba nisa ne ya hana ba."

Mutumin ya yi dariya, aka ci gaba da cin shinkafa. Bayansa wasu sun zo, bakinsu ɗaya. Baba ya tsufa yana jira, ya rasu bai sake ganin ƙanwarsa ba.

Bara takarduna suka daidaita, na je garinmu. Da Baba zai ga abin da na gani, me zai ce? An kafa turaku a bakin hanya tun zaɓen da ya wuce, babu waya ko ɗaya a kansu. Samarin gari sun haɗa kai sun sayi janareta. Kogin yana zuba da ƙarfinsa a bayansu, su kuma suna bin layin fetur.

Gwaggo Asabe, ƙanwar tasa, ta kai ni bakin madatsar tana dogara sanda. Katangar tana nan, ko tsagewa ba ta yi ba. Ta kama hannuna ta ɗora a kan dutsen, ta ce, "Aikin yayana ne. Taɓa."

Abin da ya rage na Baba ke nan: aiki mai kyau da ya yi wa waɗanda ba su ma san sunansa ba. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Masu alkawarin nan kuwa, matattunsu da rayayyunsu, ni ban yafe ba.