Ranar da Na Kwance Ƙafar Babanmu

Ko tsufa ya kwashe mini tunani, ba na jin zai haɗa da abin da na yi wa ƙafar Babanmu.

Shekara uku yana fama da ƙaiƙayi a idon sawunsa. Tsabar susa, wurin ya yi baƙi ya yi kanta. Ni ke aure a Gwandu kusa da gida, don haka kullum bayan la'asar sai in zo da totuwar masara in goga masa, yana lumshe ido yana sa mini albarka. Ba zan ɓoye ba, da wannan nake taƙama a cikin 'yan'uwana.

Sai ga ƙanwata daga Kalgo, wadda ta raka mijinta karatu Indiya ta koyo maganin gargajiyarsu. Me ta kawo? Ganyen dogon yaro, ga shi nan birjik a ƙofar gidanmu, sai kurkur da man kwakwa. Ta wanke, ta shafa, ta naɗe da ƙyalle, ta yanke masa farce. Ta ce, "Yaya, susar ga ita ka hana shi warkewa. A bar ta."

Sati biyu fata ta fara laushi. Baba ya koma ba shi da zance sai nata, ni kuwa in zo in zauna kamar baƙuwa. Kishi ya ci ni har na fara fatan maganin ya ƙi.

Wata Laraba na tarar yana ta mutsu-mutsu a tabarma. Na ce, "Baba, in ɗan taɓa maka?" Bai ce a'a ba. Na kwance ƙyallen na goga, na goga, har jini ya ɓalle. Bai sa mini albarka ba, jinin kawai ya tsaya kallo.

Kafin ƙanwata ta dawo duba shi, wurin ya kumbura yana ruwa. Ta ce, "Wa yat taɓa wurin ga?"

Baba ya ce, "Ni nas sosa abina."

Ta yi ta yi masa faɗa yana sunkuye, ina tsaye na bar shi ya ɗauki laifina. Juma'a uku bai iya takawa masallaci ba.

Ya warke daga baya, kuma har ya rasu bai tona ni ba. Tun daga nan, in zan yi wa mara lafiya hidima sai na tambayi kaina: sauƙinsa nake nema, ko so nake a ce ni ce?