Hannun Hagu a Bangon Majami'ar Tirwun

Mun tashi da asuba daga garinmu can bayan Dass, ni da dattijon ikilisiyarmu da shugabar zumuntar mata. Dalilin tafiyar shi ne bangon bayan bagade na sabuwar majami'armu. Shekara da shekaru ni nake yi wa ikilisiya aikin fenti, daga allon bakin hanya har gicciyen kan ƙofa, don haka na ɗauka bangon nawa ne. Sai kwamiti ya ce a fara zuwa Bauchi a ga zanen wata mata da ake ta yabo. Aka sa ni cikin tafiyar don in duba ingancin fenti. Na yarda, amma ba da farin ciki ba.

Hanya da sauƙi, sai ramuka nan da can bayan an wuce duwatsu. Kuɗin mota ya ƙaru a kan na bara, kujera kuwa ba ta ƙaru ba.

Da farko mun sauka Wunti, muka karya da masa da miyar taushe. Masar Bauchi ba ta da abin zargi, na duba. Na leƙa wani shagon fenti, na ɗauki burushi, na ji farashi, na mayar da shi inda yake. Daga nan keke ya kai mu Tirwun, inda sababbin gidaje ke cin gonaki.

Majami'ar ƙarama ce, rufin kwano, ko silin babu. Amma da muka shiga, shugabar zumunta ta ajiye jakarta a ƙasa ta yi shiru. Ban taɓa ganin ta yi shiru ba. Jibin Ubangiji aka zana, wato cin abincinsa na ƙarshe kafin gicciye. Yesu da almajiransa suna zaune a tabarma, fuskokinsu irin namu, kwano ɗaya a tsakiya. Bitrus ya yi kama da wani mahauci na kasuwarmu. Ni kuwa duk Yesun da na taɓa zanawa daga kalanda na kwafe shi, da dogon gashi da shuɗin ido, kuma ba wanda ya taɓa ajiye jaka saboda shi. Kishi ya kama ni.

Na bi aikin daki-daki kamar yadda na saba: fenti tukuna, sannan layi, sannan inuwa. Ban sami komai ba, sai da na kai ga hannu. Yesu yana miƙa gurasa da hagu.

Mai zanen ta iso. Mutuniyar kudu ce, mijinta na sayar da kayan gini a Wunti, Hausarta kuma ba ta raba mace da namiji. Na jira aka gama gaisuwa, sannan na faɗa a gaban kowa cewa a ƙasarmu ko yaro ba ya miƙa abu da hagu, balle Ubangiji yana ba da jikinsa. Dattijo ya gyaɗa kai. Na ji bangon yana dawowa hannuna.

Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Baba, garinmu ma ba a yi. Amma duba dama, yana aiki."

Muka duba. A gefen Yesu wani almajiri ya fara miƙewa, fuskarsa na kallon ƙofa. Yahuza ne, wanda zai bashe shi. Hannun daman Yesu na riƙe da wuyan hannunsa, ba da ƙarfi ba, irin riƙon da ake yi wa baƙo idan ana roƙonsa ya ɗan ƙara zama.

Shugabar zumunta ta share ido da bakin ɗankwali. Dattijo ya tambayi mai zanen yaushe za ta sami lokaci. Ni dai ba wanda ya tambaye ni komai game da fenti.

A hanyar dawowa sun yi ta maganar hannun nan har Dass, ni ina kallon duwatsu. Mun isa gida kafin faɗuwar rana. Kwamiti ya ba mai zanen bangon, ni kuma aka ce in rubuta ayar da za ta zauna a ƙarƙashinsa. Zan rubuta, kuma layina ba zai karkace ba.

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, na iya farautar kuskure daki-daki, amma ban iya kallon zane duka kafin in buɗe baki ba. Kishin kuwa yana nan, ba zan ɓoye muku ba. Na sauke kalandar daga bangon shagona, tun da na dawo nake gwada zana hannun nan a bayan kwali. Har yanzu nawa kamu yake yi, kamar na ɗan sanda. Bai iya riƙo ba tukuna.