Baffa Ummaru da Hoton Sana

Ina tsaye a turken tumaki na kasuwar Isa, ina ɗaukar hoton wani rago, sai direban motar Sabon Birni ya dafa kafaɗata ya ce Baffa Ummaru dillali ya rasu bayan sallar azahar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na mayar da wayata aljihu.

Baffa ba ɗan'uwan mahaifina ba ne, zama ne ya sa nake kiransa haka. Ya tsufa yana dillancin dabbobi, ni kuma na iya waya. Lokacin da fari ya matsa, masu saye suka rage zuwa kasuwa, sai muka haɗa hannu muna sa dabbobin mutane a shafin saye da sayarwa na intanet. Na koya masa yadda abin yake. Mai saye yana rubuta abin da yake nema, shafin ya jero masa tallace-tallace, wanda kuma ya biya kuɗin talla nasa ne ke hawa sama. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi dariya ya ce, "Ashe can ma mai ƙarfin murya aka ji."

Yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya sassautawa. Kowace dabba sai an buɗe bakinta an ɗauki haƙora, kuma hoton ya zama na ranar. Yakan ce, "Mutumin Sakkwato bai taɓa dabbag ga ba. Idonka shi na hannunai." Na sha yi masa tsiya cewa shafinmu ya koma na likitan haƙori.

A shekara ta biyu ta fari, rumbuna a ƙauyenmu Turba ya ƙare, sa ɗaya ya rage mini, shi ma haƙarƙarinsa a waje. In ya faɗi kafin a saya, ban san abin da iyalina za su ci ba. Sai na ɓoye wa Baffa, na sa hoton san na daminar da ta wuce, na rubuta "sa mai ƙiba" domin abin da aka fi nema ke nan, na biya aka ɗaga shi sama. Waya ta yi ta ƙara. Da ya gani bai yi faɗa ba, ya dai ce, "Sani, hidda shi. Za ni tare da kai mu ɗauko na yau."

Muka ɗauki hoton san yadda yake, da ramarsa da haƙoransa na ƙuruciya. Ya sa na rubuta "san turka", domin ya san akwai masu neman ramammen sa mai ƙashi su ɗaure su yi kiwonsa. Kwana tara babu wanda ya kira. Na yi fushi ƙwarai, har na daina gaishe shi, ina ganin tsoho yana gyara sunansa da yunwar 'ya'yana. A kwanakin nan kullum da hantsi sai a kawo damin harawa gidana, matata ta ce daga Baffa. Na karɓa ban aika da godiya ba. Harawar ce ta riƙe san a tsaye, har wata mai kiwo daga Sakkwato ta gan shi ta saya, muka auni gero. Na koma gaishe shi kamar ba a yi komai ba, shi ma bai taɓa tayar da maganar ba.

Jiya wajen ta'aziyya na faɗa wa matarsa, Inna Hadi, wannan alheri na harawa. Sai ta ce, "Ai ta tumakinai ce. Biyu sunka mutu wancan watan. Yac ce kar a gaya maka."

Ya Allah, ban gode masa ba yana raye, kuma yanzu ba ni da inda zan same shi. Ka gode masa a madadina. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Inna Hadi da 'ya'yansa haƙuri, kada Ka bar gidansa da yunwa ko ta yini ɗaya. Amin.