Tambayar Yaya Buba da Na Haɗiye

Bana shekara goma sha tara ke nan da rasuwar yayana Buba na Rimawa, Allah ya jiƙansa. Kowace shekara nakan yi niyyar rubuta wannan, sai in fasa.

Bayan an tare ruwa a Goronyo, wata babbar ƙasa ta aiko masanan noma da irin shinkafa da taki kyauta. Ni ne tafintansu, don na gama firamare, har suna ba ni gaban mota. Yaya bai shiga aji ba, amma rediyo ba ya barin kafaɗarsa. Yakan ce abu biyu ke koro waccan ƙasa zuwa fadamarmu: tsoron kada mu bi 'yan gurguzu, da kayan masana'antunta masu neman kasuwa. Ni kuwa ƙauyanci na ɗauki maganar.

Ranar rabon iri a ƙofar hakimi, Yaya ya miƙe.

"Sani, tambaye shi. In munka saba da irin ga har namu ya ɓace, takin kyauta na kullum, ko saye za mu yi?"

Kunya ta kama ni, ga tsoron rasa gaban mota. Na ce wa Baturen da ke jagorantar masanan wai yayana yana godiya. Baturen ya yi murmushi, ya miƙa wa Yaya hannu.

"Mi yac ce?"

"Ya ce kada ka damu."

Yaya ya daɗe yana dubana. "Ashe Turanci gajere na," in ji shi, ya zauna.

Manoma sun ga an gaisa, suka karɓi iri. Da gurguzu ya faɗi, masanan suka naɗe kayansu, taki ya koma kasuwa. Yau in ƙasashen da ba mu taɓa gani ba suka yi faɗa, a buhun taki muke ji. Wasu baƙin sun zo da famfunan sola da tafintoci masu takalma. Da Yaya na nan, rage muryar rediyo zai yi, ya maimaita tambayarsa.

Na yi jinyarsa a Wurno har ya rasu, bakina bai buɗe na faɗa masa gaskiya ba. Abin da ya bari shi ne tsohon irinmu a tukunya, 'ya'yansa na shuka shi a gefen gona, ba ya neman taki. Nan nake roƙon iri yanzu.

Wataƙila Baturen mai gaskiya ne, da ya ba da amsa. Ni na hana a ji. Mutanen Rimawa, ku yafe mini. Yaya bai yi godiya ba ranar nan.