Randar Luba Mai Ɗinki a Ƙirji

Duk wanda ya sha ruwa mai sanyi tsakanin Kiru da Ƙafin Maiyaki, da wuya a ce ba daga randar Luba ya ɗiba ba. A goye aka fito da Luba shekarar da ruwan madatsar Tiga ya tashi garinsu. Uwarta ta bar gida da gona a ƙarƙashin ruwa, amma ba ta bar ginin tukwane ba, shi ne gadon da Luba ta ci. Mace ce gajera mai kafiya, irin waɗanda in sun ce gabas, to ko limamin gari sai dai ya haƙura.

Bara waccan ciwon daji ya kama ta, aka cire mata nonon hagu a wani asibiti a Kano. Ta warke, alhamdu lillahi, sai dai hannun hagun ya rage ƙarfi. Shi kuwa ginin randa, hagu ce ke ciki tana tokare yumɓu, dama na waje tana lailaya, maginiya tana zagayawa. Kafin Luba ta gama zagaye hannun ya gaji, sai gefe guda ya lotsa. Randa huɗu ta rushe tana kuka. A ta biyar ta tsaya ta ƙare wa lotsawar kallo, ta ga ai ƙirjinta ne sak. Maimakon ta rushe, sai ta murza yumɓu siriri ta shimfiɗa a wajen, ta bi shi da tsinke tana dannawa, kamar yadda likita ya ɗinke ta.

To, matan unguwar tare suke gasa kayansu, tsibi guda, ana gobe kasuwa. In tukunya ɗaya ta fashe a wuta takan tafi da na kusa da ita. Inna Mariya, babbarsu, ta ce ba za a saka wannan abu a tsibi ba, wai gini mai rauni ba ya jure wuta, kada a jawo wa mutane asara. Ta ƙara da cewa Luba ta huta haka, ai ta yi ƙoƙari.

Wannan "ta huta" ɗin ya fi wuƙar likita yi mata ciwo. Wanda aka cire daga tsibi ai an cire shi daga sana'a ke nan. Ta durƙusa ta ce, "Inna, ni ma an ce ba zan jure ba, ga ni a gabanki."

Mijinta Alasan ya bar kamun kifi ranar, ya jido mata kara. Buba makiyayi ya ba ta busasshen kashin shanu. Bayan la'asar ta haɗa nata ɗan tsibin can gefe, ta cinna wuta, tana kasa kunne duk sanda kara ya yi ƙara.

Da safe ta tone toka, mata sun kewaye ta, har da masu jiran abin dariya. Randa ta fito ja wur, ɗinkin nan raɗau. Inna Mariya ta lanƙwasa yatsa ta ƙwanƙwasa, kamar yadda ake gwada kowace randa. Ta yi amo garau. Ta sake ƙwanƙwasawa daidai kan ɗinkin, amon bai canza ba.

Tsohuwar ta daɗe tana shafa wajen. Da mata suka watse, sai ta kamo hannun Luba ta tura cikin mayafinta, ta ɗora a gefen nononta. Wani ƙullutu ne, tauri kamar goriba.

"Wata bakwai ke nan ina ɓoyewa," in ji ta. "Mako mai zuwa ki kawo kayanki tsibi. In mun kwashe, ki raka ni wurin mai ɗinkin nan."