Bakin Abayar Ƙanwata

Ni na koya mata keke. Da wannan nake farawa duk lokacin da aka tambaye ni abin da ya shiga tsakanina da ƙanwata, don in ban fara da shi ba sai a ɗauka baƙin ciki nake mata.

'Yar ƙanwar mahaifiyata ce, amma gida ɗaya muka tashi a unguwar Sa'alaba da ke Jidda, tabarma ɗaya, kwano ɗaya. Babana gyaran kekuna yake yi a ƙofar gida, don haka tun ina ƙarama na iya hawa, ina zaga tsakar gida da waɗanda aka kawo gyara. Ita kuwa matsoraciya ce, ko ƙararrawa ba ta yarda ta taɓa. Da muka girma ta auri ɗan ƙasa, ta samu takardun zama 'yar ƙasa, ta koma unguwar Safa gidan bene mai lifta. Ni ina nan da iƙamata, takardar zaman baƙo, da ɗinkina. Wallahi na yi mata murna, ranar bikinta guɗa na yi har muryata ta dishe.

Da mata suka fara hawa keke a fili, ita ta kira ni a waya. "Yaya, likita ya ce in riƙa motsa jiki. Yalla, ki koya mini."

Sai muka riƙa zuwa Ubhur ranar Juma'a da la'asar, inda teku ya kutso cikin ƙasa kamar rafi. Hanyar kekuna na bin bakin ruwan, a gefe iyalai sun baza tabarmi da filas ɗin shayi, yara na korar maguna. A bayan motarta take ɗauko mana kekunan. Da gwiwoyin nan nawa na riƙa bin ta a guje ina riƙe da sirdi, tana ihu kar in sake ta, har Allah ya sa ƙafarta ta zauna.

Abaya da sarƙar keke ba sa shiri. Saboda haka kafin mu hau nakan durƙusa a gabanta, in tattare bakin abayarta in ɗaure mata da roba a ƙwauri. Ta ƙi koya. Kullum sai ta ce, "Hannunki ya fi iyawa, Yaya." Daɗi ma nake ji, tunda ni ke ɗaura mata zani tana ƙarama.

Wata Juma'a ina durƙushe haka sai ga wasu Larabawa mata, maƙwabtanta na Safa, sun tsaya da kekunansu da hulunan kwano. Aka yi ta gaisuwa da sumbatar kunci a saman kaina. Ɗaya ta nuna ni da haɓa ta tambaye ta ko wace ce ni.

Ƙanwata ta ce, "Shaggala ce."

Wato mai aikin gidanta. Ba ta ko yi in'ina ba. A Jidda aka yanke mini cibiya, ta san sarai Larabcin da ke bakinta shi ne a nawa. Matar ta ce ma sha Allah, ina ta samo mai kula haka, ƙanwata ta yi dariya. Wata ma ta miƙo mini jakarta in rataya mata. Na miƙe da robar a hannuna ban ɗaura ba. Ban taɓa jin an ci amanata irin na ranar ba. Ita ko lura ba ta yi ba, ta haye ta bi su.

Na bi su a baya da jakar mutane a wuya. Daidai kwanar da ake ɗaure ƙananan jiragen ruwa sarƙa ta cafke abayar, keke ya watsar da ita a ƙasa.

"Wayyo Yaya! Yaya, zo!"

Da Hausa ta kira, Hausar kakarmu tsantsa. Matan suka kalli juna. Na sauka, na durƙusa, na juya feda baya a hankali yadda Baba ke yi, na zare ƙyallen duk ya yi baƙin mai. Gwiwarta ta ƙuje, jini na tsattsafowa. Na tattare bakin abayar na ɗaure tam.

Ta riƙo hannuna, ta yi ƙasa da murya. "Yaya, ki yi haƙuri. Ba za su gane ba ne."

Na zame hannuna, na ɗaga murya da Larabci yadda kowacce za ta ji. "Halas, Madam. Akwai wani aiki?"

Na mayar wa mai jaka jakarta, na jingine keken a jikin motar, na tari tasi zuwa Sa'alaba. A ciki na yi kuka, direba na ta leƙena ta madubi.

Dangi sun ce magana ce ta suɓuce mata, in bar ta ta wuce. Da Sallah ta zo gida da turare da atamfa, ta zauna a tabarmar nan tamu ta ce Yaya. Na amsa, ai jini ɗaya ne. Da za ta tafi ta ce kekena na nan a bayan mota, ko za mu leƙa Ubhur ranar Juma'a. Na ce gwiwoyina sun daina durƙuso.