Suna Kirana Madam Don-Me

A wancan lokaci, wajen ƙarshen shekarun casa'in, ni malamar kimiyyar halittu ce a wata kwaleji a Ƙonni. Na yi jami'a a Yamai, amma karatun bai cire mini tsoro ba. Ni ce mai kulle ƙofa in dawo in sake taɓa kwaɗon, ni ce mai karance takardar magani kafin in haɗiyi ƙwaya ɗaya. Maigidana ba haka yake ba. Mai manyan motoci ne, yana ɗaukar albasa daga Galmi zuwa kudu, mutum mai fara'a da saurin yarda, wanda ya tsinci Faransancinsa a bakin ƴan duwan, wato kwastan, da jandarmomin hanya. Na rubuto muku ne domin labarin da ake bayarwa a kaina a gari ba daidai ba ne, kuma na gaji da shiru.

Mun daɗe ba haihuwa, sannan al'adata ta ɗauke tun ban cika talatin ba. Muka tafi Yamai wurin wani likitan mata. Bayan gwaje-gwaje ya yi mana bayani da Faransanci, a hankali, cewa mahaifata lafiya lau take amma ƙwai sun ƙare, kuma a saninsa babu allurar da za ta dawo da su. Ya ce hanya ɗaya ta rage, a ƙasashen waje ake yin ta, ana ce mata don na ƙwai: a karɓi ƙwan wata mace, a haɗa da maniyyin miji, a sa a mahaifar matarsa. Ni na ji duka. Maigidana kalma ɗaya ya kama, don. Ya san ta tun shekarar yunwa, lokacin da yake jigilar hatsin taimako, kowane buhu an rubuta masa ita da manyan baƙaƙe. A wurinsa don shi ne abin da Turawa ke bayarwa kyauta. Kafin in sami sararin yi masa bayani, ya riga ya shaida wa yayarsa, wadda muka sauka a gidanta, cewa Allah ya kawo sauƙi, za a yi mana aikin a don.

Sai a hanyar komawa, bayan mun wuce Dogondutsi, na warware masa. Na tuna masa yadda innarsa a Illela take sa wa kaza ƙwan zabi, ta kwanta a kai, ta ƙyanƙyashe, ta yi ta yawo da su a tsakar gida. Na ce ni ce kazar. Ya tambaya ko za a san zabuwar. Na ce ban sani ba, wataƙila a'a. Daga baya ya kai tambayar wurin wani malami kamar ta abokinsa ce, malamin ya ce iyakar saninsa bai halatta ba saboda cakuɗuwar nasaba. Ni ba malamar addini ba ce, ba kuma zan yanke wa wata hukunci ba. Mu dai a nan muka bar maganar. Amma labari ya riga mu isa Ƙonni: an ba mu don, ni na ƙi. Maigidana ya ji kunyar cewa bai fahimci likita ba, ni kuma ban ga yadda zan tsaya gaban dangin miji ina zancen ƙwai da maniyyi ba.

Yayar tasa ce ta zo da labarin wani asibitin kuɗi a wani babban birni can kudu, hayin iyaka, inda wata hajiya ƴar kasuwa da ta manyanta ta samo tagwaye. Ta ce tunda ni amaryarsu na raina na kyauta, to ga na saye. A gabana ta faɗa wa ƙanenta cewa in a nan ma na kawo surutun lakwal, wato na ƴan boko, ya san abin da ya rage masa. Na gane aurena aka ɗora a kan wannan tafiya. Na shirya, kuma da fata na tafi, domin ina son ɗa fiye da yadda suke zato.

Asibitin tsaf yake, bangonsa cike da hotunan jarirai. Likitan yana jin Hausa. Ya kira ni hajiya, ya ce kada in damu, allurai za su tayar da ƙwan. Na tambaye shi cikin ladabi yadda za a tayar da abin da aka ce babu. Ya yi dariya, ya ce likitocinmu saurin sallamawa gare su. Na ce mai yiwuwa ne, amma in an gama alluran ba a sami ko ɗaya ba fa? Ya ce a nan ba a taɓa rasawa ba. Wannan amsa ce ta tsorata ni, domin babin haihuwa ni nake koyar da shi kowace shekara, na san babu inda ba a rasawa. Maigidana yana ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Duk da haka na sake tambaya, ƙwan wa za a sa mini. Likitan ya ajiye alƙalami, ya juya wajen maigidana kamar ba na ɗakin. Ya ce akwai ƴan matan da ke taimakawa, matan da ke zuwa ba sa tambaya, su ma ba sa faɗa, ɗa dai na maigida ne, kowa yana komawa gida da farin ciki. Na ɗauki jakata na fita.

A masauki maigidana ya faɗi maganar da bai taɓa janyewa ba. Ya ce da na yi shiru da babu wanda ya sani, har shi, kuma Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba, don haka tambayata ta ƙarshe ce ta haramta mana ɗa. Na ce shi ne bai sani ba, ni na sani tun da likitan ya ce ba a rasawa, kuma ba zan ɗauki ciki ina yi wa kaina ƙarya har in haife ba. Na ce da a fili aka shimfiɗa mana, mu auna da idonmu biyu, wannan wata magana ce daban. Bai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Kafin a cire albasar wannan shekara aurenmu ya mutu.

Yayar ce ta raɗa mini suna. Da farko Madam Don, wadda ta ƙi don. Da ta ji yawan tambayoyin da na yi sai ya koma Madam Don-me. A gidan biki mata kan tambaye ni da murmushi ko sai an yi mini bayanin don me aka dafa shinkafa kafin in ci. Ina amsa sunan. Na rasa miji na kirki, ban haihu ba, kuma akwai ranakun da abin ke yi mini ciwo har yanzu, ba zan ɓoye ba. Amma nadamar tambaya ban yi ba, ba na kuma jin zan yi.

Ƴan'uwana mata masu neman haihuwa, ban ce kada ku je asibiti ba, ban kuma ce duk haka suke ba. Likitan Yamai ya gaya mini gaskiya mai zafi, har gobe ina ganin girmansa. Amma kada hoton jarirai a bango ya zaɓa muku wuri. Ku sa likita ya maimaita da yaren da ke da mijinki kuke ji, kafin kalma ɗaya ta fita gari. Wanda ya ce a wurinsa ba a rasawa, ku tambaye shi da me yake cikewa.

Har yanzu ina koyar da babin nan. In wata yarinya ta ɗaga hannu daga bayan aji ta ce don me, sai sauran su fashe da dariya, domin sun san sunana na gari. Nakan ajiye alli in jira su gama, sannan in ce mata ta miƙe tsaye ta sake tambayar da ƙarfi.